Rigar Da Ke Da Fuskar Baffa

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, ina ɗan shekara goma sha biyu, mutum uku masu bindiga suka tsare ni a gonarmu ta gero da ke bayan Badarawa, saboda rigar da ke jikina.

Rigar tana ɗauke da fuskar Baffa, ƙanen mahaifina. Kafin siyasa injin niƙa gare shi a bakin kasuwa, cikin wata rumfar kwano, kuma a nan muka tashi. Mu muke jera ƙoren mata a layi, mu ɗebo ruwan da ake zuba wa injin in ya yi zafi, mu share dusa mu kai wa awakin Inna, mahaifiyata. In aiki ya lafa sai mu yi langa a bayan rumfar, kawunanmu fari fat da gari kamar tsofaffi. Ban taɓa shiga aji ba, rumfar nan ce makarantata. Baffa bai taɓa mayar da mace gida da hatsinta ba a niƙa ba, ko da ya riga ya kashe inji. Matan nan su suka sa ya zama kansila, su kuma suka kai shi majalisar jiha.

Da ya ci zaɓe aka yi anko iri biyu, kamar yadda ake yi a biki: kore na jama'a, ruwan ƙasa na 'yan gida kaɗai. Inna ta sa aka ɗinka mini riga da ragowar zanenta, ta ce, "Sa abinka, kowa ya san ɗan gidan wa kake." Na sa ta da Sallah, na sa ta ranar kasuwa, da ta koɗe ta zama rigar gona.

Ina duƙe ina noma na ji babur ya tsaya a kan hanya. Kafin in miƙe sun iso. Babbansu ya ɗora bakin bindiga a kan fuskar Baffa, wato a ƙirjina, ya ce, "Mi ya haɗa ka da wanga mutum?" Na san abin da ake yi wa dangin manya. Ana tafiya da su daji, wasu su dawo, wasu ba a ƙara ganinsu. Fitsari ya bi ƙafata. Na ce ban san shi ba, ni ɗan ƙodago ne, matar mai gonar ta ba ni tsumma in sa. Ya ce wannan launin na 'yan gida ne, ya sani. Sai ya ce in tuɓe in taka. Na tuɓe, na taka cikin laka, na tofa miyau. Ya ce in zagi uwarsa. Uwar Baffa kakata ce, a ɗakinta aka yaye ni. Na zage ta. Suka yi dariya, suka kwance shanun huɗar maƙwabcinmu suka wuce.

Ranar nan Inna ta tara zannuwan ankon gidan duka ta cusa a murhu. Bayan mako biyu Baffa ya zo jaje da 'yan sanda, gari ya taru a ƙofar gidan hakimi. Kowa ya san a cikin taron akwai masu kai labari daji, ba wanda ya san su wa. Ya hango ni, ya miƙo hannu yana murmushi. "Ɗan Inna, zo nan mana." Na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce, "Alhaji, ban san ka ba." Hannunsa ya tsaya a miƙe. Ya dube ni, ya dubi taron, sannan ya sauke shi a hankali. "Gaskiya ne, yaro," in ji shi. "Na ɗauka wani ne."

Ya yi zango biyu a majalisa ya sauka, yana Gusau, an ce ƙafa ta fara ba shi wahala. Mu kuwa mun bar ƙauye tuni. A da yaro yana tafe ana kiran sunan gidansu, ƙirjinsa na buɗewa. Yanzu uwa kan koya wa ɗanta abin da ba zai faɗa ba tun kafin ya iya gaisuwa. Ina Kaura Namoda, ina dako a tashar mota. Shekarata takwas a nan, kuma ba wanda ya san sunan gidanmu.