Ɗanmusa Mai Bidiyo da Zaman Kawu Illo

Ɗanmusa mutumin Tozai ne, amma a Isa aka san shi. Noma ya gada, sai dai tun yana saurayi hannunsa ya fi karkata ga gyaran rediyo, har ya kafa 'yar rumfa a bakin kasuwa. Daga baya wani direba mai zuwa Maraɗi ya kawo masa tsohuwar kyamarar bidiyo, ya zauna ya gyara ta da kansa. Shekara bakwai ya yi yana ɗaukar biki da suna da saukar karatu, daga Isa har Sabon Birni.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Aka yi shuka sau uku, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Bukukuwa suka ɗauke. Ɗanmusa ya koma mai saurin fushi, abu kaɗan sai faɗa. Matarsa Fatsuma ce ta ce masa ya je Kurawa ya gaida kawunsa Illo, ko zuciyarsa ta sami sanyi.

Illo yayan mahaifiyarsa ne, manomi mai kiwo, kuma farin ya cinye shanunsa sai saniya ɗaya. Ɗanmusa ya yi zaton zai tarar da mutumin da ya karaya. Ya same shi bayan la'asar a gefen gonarsa, ƙarƙashin aduwa, zaune kan buzu da tasbaha a hannu. Illo ya amsa sallama, bai ƙara komai ba har rana ta yi ja.

A hanyar gida Ɗanmusa ya ce, "Kawu, mi kaka kallo cikin gonar da babu komi?"

"Ba gona nika kallo ba," in ji tsohon. "Ina tunanin Wanda ya ba ni, ya kuma karɓa. In ban zamna haka ba, bakina zai faɗi abin da za ni yi nadama."

Maganar ta tsaya wa Ɗanmusa a rai. Bayan mako guda ya dawo da kyamara, ya roƙi a bar shi ya yi fim a kan wannan zama na tafakkuri. Illo ya so ya ƙi, don yana tsoron riya. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗauki abinka daga nesa. Amma kada ka ce mani in sake, kada ka ce in dube ka."

Kwana tara Ɗanmusa ya yi yana ɗauka. Ba shi da abin kafa kyamara, sai ya kife turmi ya ɗora ta. Batir kan mutu ana tsakiyar aiki, washegari ya hau babur zuwa Sabon Birni ya yi caji. Da ya zo haɗa fim ɗin a kwamfutar wani abokinsa, sai tsoro ya kama shi. Wa zai kalli tsoho zaune shiru? Ya ɗora muryarsa a kai yana bayanin falalar haƙuri, ya sa busar sarewa. Ya kuma sa wani maƙwabci ya yi kukan ƙarya a kan ƙasusuwan saniya.

A gidan kallon ƙwallo na Sabon Birni aka nuna shi, ran kasuwa bayan azahar. Ba a yi nisa ba samari suka fara ficewa, suna cewa babu waƙa, babu faɗa. Wajen kukan maƙwabcin ma dariya aka yi. Mutum shida suka kai ƙarshe, cikinsu har da Malam Attahiru, malamin Islamiyya wanda ya san Illo tun suna yara.

Ɗanmusa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, a faɗa mani gaskiya."

"Hoton na rawa, iska ta cika sauti, wanga duk talauci ne, ba laifinka ba," in ji Malam. "Mai kukan nan kuwa ƙarya ce, kowa ya gani. Amma babban aibin shi ne bakinka. Mutum ya yi shiru gaban Ubangijinsa, kai kana ta yi mashi tafinta." Ya ɗan nisa. "Sai dai akwai wurin da saniyar da ta rage ta zo ta tsaya bayansa, haƙarƙarinta duk a waje, ya ɗora mata hannu bai juyo ba. Nan ka yi shiru, nan na ga Illo. Wanga wuri kaɗai ya isa a ce ka yi aiki."

Ɗanmusa bai yi musu ba, ko da yake maganar ta yi masa zafi. Ya kai wa kawunsa faifan fim ɗin, Illo ya ƙi kallo. Ya ce shi ya san inda ya zauna.

Illo bai ga damina ta gaba ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in 'yarsa Luba, wadda ke aure a Tsamaye, ta zo rumfar Ɗanmusa ta ce a kunna mata fim ɗin. Da muryar Ɗanmusa ta fara fitowa, ta ce, "Yaya, don Allah rage sautin." Ya rage shi gaba ɗaya. Ta kalli mahaifinta tun daga farko har ƙarshe, hawaye na zuba, ba ta share ba. Da ta tashi ta yi masa addu'a mai tsawo, ta karɓi faifai ɗaya ta ƙulle a gefen mayafi.

Ruwa ya dawo a shekara ta uku. Ɗanmusa ya koma ɗaukar biki, har wayoyin hannu suka kashe sana'ar. Bai sake yin fim ba. Yanzu yana Tozai yana noman gero da dawa, gemunsa ya yi fari, kuma shi ake kira idan maƙwabta sun saɓa a kan iyakar gona.