Dutsen Niƙan da Ya Je Maraɗi

Shekarun baya, a farkon lokacin da muka karɓi mulkin ƙasarmu, ni direba ne a wurin wani ɗan kasuwar gyaɗa a Gidan Rumji. Ban yi nisa a lakol, wato makarantar boko, ba, amma na iya tuƙi, kuma ina da wani hali da kowa ke yi wa dariya: ni mutum ne mai fargaba. Sai in kulle ɗaki, in kai bakin hanya, in dawo in sake taɓa kwaɗon. Har yau ban daina ba.

Maigidana ya sayi wata ƙaramar mota a hannun wani Anasara da zai koma ƙasarsu. Ƙofa biyu gare ta, gajera ce kamar ta durƙusa, don gudu a kan kwalta aka ƙera ta. Ranar da aka kawo ta na ɗaga murfin gaba in duba inji, sai na ga fili, ba komai sai tayar canji da tankin mai. Na ce a raina shi ke nan, an sayar wa maigida mota ba inji, kuma ni za a ce na cire. Na manta cewa da ƙafarta ta zo. Ashe injin yana baya, inda muka saba zuba kaya.

Ban daɗe ba ta nuna mini halinta. Ina kan hanyar tsakuwa, na shiga wata kwana da ɗan gudu, na ji tsoro na taka birki. Kafin in ce wani abu gindinta ya zagayo, na tsinci kaina ina kallon inda na fito. Ban ji ciwo ba, amma na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Na yi ta juya abin a raina har na gane. Nauyinta duka a baya yake, kamar jakin da aka ɗora wa kaya a kan wutsiya. Shi ya sa a cikin rairayi take haƙa ta wuce inda manyan motoci ke kafewa. Amma gabanta ba nauyi, in ta yi gudu a kan gargada sitiyari sai ya yi sakwaf a hannu, ka juya ta ƙi juyawa, in kuwa ka taka birki a tsakiyar kwana bayan ya riga gaban.

Sai na cika buhu da yashi na ajiye a akwatin gaba. Nan take ta natsu. Abokina, direban babbar mota, da ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai ba ka da dama! Ƙasar da yashi ke shiga mana har cikin tuwo, kai kuma kana yi mishi hidimar mota? Ranka shi daɗe, Sarkin Yashi!"

Sunan ya bi ni kasuwa. Maigida ma yakan yi mita, don ɗan wurin da za a sa kaya na cinye shi da buhun, amma bai hana ni ba.

Wata rana da damina, ana noman farko, ya aike ni da buhun gishiri wurin surukansa a wani ƙauye na wajen Gidan Sori, kusa da garinmu. Na sauke yashin na sa gishirin a wurinsa, tunda nauyi dai nauyi ne. Na kai saƙo, gaban mota ya zama fayau, na ce bari in biya gida in gaida iyayena, in nemi wani buhun in cika.

Tun daga nesa na hangi mutane a ƙofar gidanmu. Kububuwa ce ta sari mahaifina a gona da hantsi. An ɗaure ƙafar, an ba shi abin da aka sani na gargajiya, amma ta kumbura har gwiwa, kuma jini ya fara fitowa daga dasashinsa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Allurar maciji kuwa sai Maraɗi.

Aka ɗauko shi aka kwantar a kujerar gefena. Mahaifiyata ta matsa ta shiga ɗan wurin da ke baya, ta tallafe kansa. Ƙanin mahaifina ya buga rufin motar ya ce, "Tashi, tashi!"

Ni kuwa na tsaya. Na san hanyar. Bayan rairayi akwai gargada mai tsawo, akwai kuma kwanar nan ta gangaren gulbi. Da gaba fayau, ko in yi tafiyar hawainiya mahaifina ya cika a hanya, ko in yi gudu mu kife mu uku.

Na ce, "Baffa, a ba ni buhu."

"Buhun mi?"

"Kowane iri. Wanda ba komai ciki ma, in cika da yashi."

Ya dube ni kamar na zautu. "Ubanka na kwance rai hannun Allah, kai kana zancen yashi? Wanga yaro lafiyarshi ƙalau kuwa?"

Ba a sami buhu ba. A lokacin hatsinmu a damma yake cikin rumbu, buhu sai 'yan kasuwa. Na ruga cikin gida ina waige-waige, mata na salati a bayana. Sai idona ya faɗa kan dutsen niƙan mahaifiyata a gindin bango. Na kakarta ne, da shi aka kawo mahaifiyata gidan aure, ko aro ba ta bayarwa. Na leƙo na ce, "Inna, dutsenki nake so."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta dube ni ta tagar motar, ta ce wa baffana, "Ku ɗauko mishi. Wanga tun yana ƙarami bai taɓa yin abu don wasa ba."

Ni da Baffa muka ciccibo shi. Ko a nan halina bai bar ni ba, na tuna tankin mai na kusa, sai da na naɗe dutsen da tsohuwar tabarma na tokare shi da tayar canji. Baffa na ta faɗa, ni ina ta tokarewa.

Rairayin bai ba mu wahala ba, nauyin injin ya danne ƙafafun baya muka ratsa. Da muka hau gargada na ba ta wuta yadda ban taɓa ba. Sitiyarin ya zauna daram a hannuna, ina jin dutsen yana riƙe mini gabanta. Da muka doshi kwanar gulbi na rage gudu tun a miƙe, na shiga da ƙafata a kan totur a hankali. A tsakiyar kwanar sai ga shanu sun cika rabin hanya, makiyayin na can baya. Duk jikina ya ce in taka birki. Na cije, na karkata sitiyari kaɗan, motar ta bi hannuna, muka shige ta gefen wani bijimi har ina ganin ƙudajen da ke idonsa. Mahaifiyata ba ta ma san an yi ba, tana ta yi wa mahaifina addu'a a kunne.

Mun isa asibiti yana numfashi. Aka yi masa allura, ya yi kwanaki a kwance, ya tashi da ƙafarsa. Ya sake noma gonar nan shekaru da yawa.

Da na koma na gaya wa maigida inda na kai motarsa ba da izininsa ba. Ya ce in sake cika buhuna, kuma daga ranar bai ƙara mita a kansa ba. Abokina dai bai fasa kirana Sarkin Yashi ba har muka tsufa, sai dai na daina jin haushi.

Na daɗe ina jin kunyar fargabata, ina ganin kamar ciwo ce. Ba na cewa tana da daɗi, ta hana ni barci da yawa a banza. Amma ranar nan ita ce ta tsayar da ni a ƙofar gida kowa na yi mini ihu, kuma duk abin da na yi a rayuwata babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan tsayuwar.

Dutsen ya dawo da ɗan ɓalli a gefe da tabon baƙin mai wanda bai fita ba. Na ba mahaifiyata haƙuri, ta ce in bar shi haka. In baƙuwa ta tambaye ta abin da ya same shi, sai ta ci gaba da niƙanta ta ce, "Maraɗi ya je, ya kai maigidan asibiti." Yanzu yana tsakar gidana. Ba mai niƙa a kansa, amma ban yarda a matsar da shi ba.