Laifin Itace Ne, In Ji Gwaggo

Gwaggon matata ta tsoma yatsa a garwar ruwan wanka, ta kalle ni kamar ta kama ɓarawon akuya.

Kwana tara bayan matata Sa'adatu ta haihu, ƙuraje masu ruwa suka feso mata a cinya da ciki, ga zazzaɓi. Gwaggo, wadda ta taso daga Zurmi don wankan jego, ta gama bincike nan take: ruwa bai yi zafi ba, don na yi rowar itace.

Na sayo itace amalanke guda. Aka ƙara wuta, aka hana jaririya nono wai kar ta ɗauka. Ƙuraje suka ji daɗi, suka haura har wuya.

Ranar da Sa'adatu ta kasa tsayuwa na kai ta asibitin Gusau. Likita ya ce ciwon fata ne da ba a cika gani ba, yakan biyo haihuwa, ba a ɗaukarsa, kuma ruwan zafin nan ƙara ɗaye fatar yake.

Gwaggo ta ce, "Likita, ɗiyanka nawa?"

Ya ce, "Biyu, Hajiya."

Ta ce, "To ni masu jego ashirin na wanke da hannuna. Itace ne ba a sawo da wuri ba."

Alhamdu lillahi, Sa'adatu ta samu sauƙi, yarinya ta koma nono. Itace na nan jibge a ƙofar gidana a Kaura, sunana kuma marowaci a duk faɗin Zurmi.

Magidanta, akwai wanda ya taɓa cin shari'a da gwaggo a cikinku?