Kadan Roba

A shekarun da kuɗin man fetur suka ɓalle a ƙasarmu, muna zaune a unguwar Lewisham ta London, a wani flat mai ɗaki biyu a saman kantin mai sayar da kifi. Gwamnati ce ta turo maigidana ƙarin karatu a Bloomsbury. Yaranmu biyu: macen da muka zo da ita daga Kano, tana neman shekara takwas, da namijin da na haifa a nan, wanda in ka yi masa Hausa sai ya ba ka amsa da Turanci.

Wani lokacin zafi sai ga yayan maigidana, Alhaji, ya sauka London da Hajiyarsa da ɗansu sa'an 'yata. Kwangilar siminti ta karɓe shi. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce ya yi mana booking a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wanda zai tashi daga Tilbury ya riƙa tsayawa a tsibirai masu zafi, mutane su sauka su yi wanka a teku. Yara suka hau tsalle. Ni kuwa na shiga tunanin tekun.

Na san iya ninƙayar 'ya'yana, domin ni ke kai su wurin koyon iyo na council, wato ƙaramar hukuma, ran Asabar. Yarinyar takan ƙetare faɗin kwamin iyon da ƙyar, tana haki kamar wadda aka koro. Yaron bai taɓa sakin bakin kwamin ba. Ni kaina ban iya ba, a benci nake zama da jakar tawul a cinya. Da na gaya wa malamar iyon inda za mu, ta ja ni gefe ta ce teku daban, kwami daban. Kada ruwa ya wuce musu ƙugu, babba ya tsaya a cikin ruwan inda hannunsa zai kai gare su, kuma kada a ɗora su a kan komai na hurawa, domin iska takan ja shi ciki. Ta sa 'yata ta maimaita abu ɗaya: in ruwa ya tafi da ke, kada ki saki abin da kike riƙe da shi, ɗaga hannu ki yi ihu.

Na kawo wannan magana muna cin tuwo. Alhaji ya yi dariya har da buga cinya.

"Amarya ke nan! Mu da muka tashi muna tsallaka kogi da damina? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan nan nawa jinina ne."

"Yaya, ya taɓa shiga ruwa kuwa?"

"Ai yanzu zai shiga."

Na dubi maigidana. Ya sunkuyar da kai yana gyara lomarsa. Yayansa ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, bai taɓa yi masa musu ba, kuma ba a kan maganar wanka zai fara ba.

Tafiyar kanta ba laifi, in ban da aman da Hajiya ta yi ta yi. Da muka isa tsibirin farko, aka kwashe mu a mota zuwa wani bakin teku mai baƙin yashi. Rana ta take, iska tana busowa daga bayanmu tana nufar ruwa, har tana ɗaga mini gyale. Na tara yaran uku na nuna musu ƙuguna, na ce iyakarku ke nan. Na ɗaure zanina tamau na shiga ruwan da su, Turawa suna kallona, ban damu ba.

Ba mu daɗe ba sai ga Alhaji tafe, rungume da wani ƙaton kada na roba, kore shar, ya fi shi tsawo. A wata rumfa ya saya.

"Yaya, don Allah a bar shi a kan yashi. Dubi inda iska take nufa."

"Haba amarya! Ga 'ya'yan Turawa can suna hawa. Namu ne ba su isa ba?"

"Waɗancan sun iya iyo."

"To ai ga mu nan mu huɗu. Ido takwas a kan yara uku, me zai faru?"

Na juya wajen maigidana na ce, "Malam, ka sa baki mana." Ya ce a hankali, "Ki bari su ɗan hau a nan gefe, ina kallo."

Ga yadda ido takwas ɗin suka ƙare. Hajiya ta kwanta a ƙarƙashin lema ta rufe fuska da mayafi, jiri bai sake ta ba. Alhaji ya ga wani ɗan Legas da muka zo jirgi ɗaya, suka shiga hirar jiragen siminti da suka cunkushe a tashar Legas. Sai ya aiki maigidana ya sayo musu lemo, shi kuma ya tashi ya tafi, bai ko ce mini zai tafi ba. Ni kaɗai na rage, ina zaton mu biyu ne.

Wata igiyar ruwa ta zo ta kifar da ƙaramin. Na cafo shi, yana tari yana kuka, ruwan gishiri ya shiga idonsa. Na tsaya goge masa fuska da bakin gyalena. Da na ɗago, kadan ya bar inda yake. Manyan biyu suna kansa, sun wuce layin mutanen da ke tsaye, suna tafiya sumul kamar ana jan su da igiya.

Na yi gaba da yaron a kafaɗa har ruwa ya kai mini ƙirji, yashi ya fara zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Nan na tsaya. In na ƙara taku ɗaya, mu biyu za mu nutse. Ban taɓa jin takaicin rashin iya wani abu kamar na wannan lokacin ba. Na ƙwala ihu da Hausa, na ƙwala da Turanci, na yi salati.

Ɗan Alhaji ya tsorata, ya yunƙura zai diro. Na ga 'yata ta cakumi wandonsa da hannu ɗaya, ta kwanta a kan kadan ta danne, tana yi masa tsawa. Sai ta ɗaga ƙafa sama tana kaɗawa, tunda hannayen duka sun kamu. Wata dattijuwar Baturiya da muke gaisawa a ɗakin cin abinci na jirgi tana iyo can gefe. Ita ta fara jin ihuna. Ta bi su, ta kama wutsiyar kadan, amma ta kasa jawo shi a kan iska, sai ta riƙe shi kawai tana yi wa yaran magana, har wasu samari biyu 'yan tsibirin suka iso da ƙaramin kwalekwale.

Da aka sauke su a yashi, 'yata ba ta yi kuka ba. Ɗan Alhaji ya yi ta amai. Maigidana ya iso a guje, kwalaben lemo har yanzu a hannunsa. Alhaji ya rungume ɗansa, fuskarsa ta yi fari fat. Na ce a raina yau dai zai faɗi gaskiya.

Abin da ya ce shi ne, "Allah Ya kiyaye. Amma amarya, ke da kike cikin ruwan, ya aka yi suka kuɓuce miki?"

In na yi magana a lokacin, zumunci ne zai tsinke. Hajiya ce ta jawo ni ta lulluɓa mini tawul, ta ce ƙasa ƙasa, "Yi haƙuri, ƙanwata. Na ji duk abin da kika faɗa masa."

Kafin jirgi ya dawo Tilbury, labarin ya riga ya zama abin dariya a bakin Alhaji. Yana ba mutane yadda na tara jama'ar tsibiri da ihu, yara kuwa suna can suna shan iska abinsu. Haka ya kai shi Kano, haka dangi suka riƙa tsokanata da shi shekara da shekaru. Maigidana bai taɓa gyara masa ba. Sau ɗaya, muna cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, za mu asibitin Whitechapel, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Da ban tafi sayen lemon nan ba." Na ce, "Da ka ce a'a tun farko."

Yarinyar ta ƙi ruwa har bayan sanyin shekarar, ko wanka sai na tsaya a bakin ƙofa. Ni kuma na nemi ajin mata zalla, na shiga da dogon wando da riga. Na sha ruwa, na sha dariyar tsofaffin Turawa, kuma ban taɓa gwanancewa ba, amma na iya kai kaina bakin kwami. Da Alhaji ya dawo da ɗansa makarantar kwana a Ingila, a wurinmu yaron yake hutu. Hajiya ta roƙe ni a waya in riƙa kai shi koyon iyo, kada dai in gaya wa babansa. Na kai shi. Cikin 'yan watanni ya fi nawa duka biyun iya iyo.