Makullin Daji a Wuyan Yayana

Kafin gari ya gama wayewa Yaya ya riga ya ɗaga ƙofar garejinsa. Ba babur yake fara taɓawa ba. Akwai wani tsohon gwangwanin fenti da ya ɗora a kan bulo a tsakar garejin, shi yake fara leƙawa ya ga ko an yi ruwa. In da ruwa a ciki sai ya tsoma yatsa ya auna. Muddin ya wuce gaɓar farko, to ranar da washegarinta babu wanda zai shiga daji da babur, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ni ne wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, kuma na gwada, saboda haka na san abin da nake faɗa.

Daga nan sai ya share wurin, ya duba sufanunsa da ke rataye a jikin allo, kowace da ƙusarta, ya ɗora ruwan shayi, sannan ya tayar da baburan da suka kwana a hannunsa ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan sana'a. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara yi masa gardama a kan ƙananan notuna.

Mu 'yan ƙungiyar masu hawan babur a daji ne, mu arba'in da 'yan kai. Baburanmu ba na kwalta ba ne, masu dogayen ƙafafu ne da tayoyi masu haƙora, waɗanda aka ƙera don tudu da kwari da yashi. Wurin hawanmu ɗaya ne tak, wato gandun dajin gwamnati da ke bayan gari, mai ƙofar ƙarfe guda da ƙaton kwaɗo. Makullin kwaɗon nan yana wuyan Yaya, a jikin igiyar takalmi, yau shekara bakwai.

Ni aka ɗora wa rubuta wannan jinjina, saboda ni ne shugaban ƙungiya, ni ne kuma mai alƙalami a gidanmu. Amma gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya gano da kansa: ina kishin mutumin nan. Na fi shi gudu, na fi shi karatu, kofuna uku ne a falona. Shi ko na biyar bai taɓa zuwa ba a tsere, don mutum ne da zai tsaya ana tsakiyar gasa ya kawar da dutse daga hanya. Duk da haka in 'yan ƙungiya suka zo gidana, ba sa gama shan ruwa sai wani ya ce, "Yaya fa, yana gareji?" Mamanmu ma, da na kai mata kofina na uku, ta juya shi ta ce yana da kyau, sannan ta tambaye ni ko yayana ne ya gyara mini babur ɗin. Shi ne ya gyara, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ba zan tauye masa haƙƙi ba. Likitan haƙori da ke cikinmu ya kai babur ɗinsa wurin makanikai uku, kowa ya kwance inji ya ɗaure, babur bai daina tari ba. Yaya ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya saurara, ya ce yashi ne yake shiga ta wata 'yar ɓula a gefen matatar iska. Aka buɗe aka tarar da ɓular, ba ta kai ƙwayar gero ba. Tun ranar likitan yake kiransa Mai Kunnen Inji, kuma duk taron da muka je sai ya ba da labarin, ni kuwa ina gefe ina murmushin dole.

Amma ba gyaran inji ne ya sa makulli a wuyansa ba. A cikin salansar kowane babur ɗin daji, wato bututun hayaƙinsa, akwai wata 'yar raga ta ƙarfe da ke tare tartsatsin wuta. Shekaru takwas da suka wuce wani yayi ya shigo mana na farke salansa a cire ragar, don babur ya riƙa ruri kamar zai tsaga ƙasa. Ni na fara, ni na koya wa sauran. Yaya ya ce duk wanda ya cire raga kada ya ƙara kawo masa babur. Muka yi masa dariya, muka ce tsufa ya zo masa da wuri, muka koma wurin wani mai walda da ba ya tambaya.

Wata Asabar da rani, ciyawa ta bushe ƙayau, mu tara muka hau tudun gabas a jere. Ba mu kai ga saukowa ba sai muka ga hayaƙi a bayanmu. Ba wanda ya san salansar wa ta tofar da wutar, kuma ba wanda ya rasa ransa, amma kiwon makiyaya na rabin shekara ya ƙone ƙurmus. Washegari ofishin gandun daji ya canza kwaɗo, ya kafa allo cewa an hana babura shiga.

Wata goma sha huɗu ƙofar nan tana rufe. Ni na rubuta wa ofishin wasiƙa goma sha ɗaya, da kalmomin da har yanzu nake alfahari da su, a kan 'yancin ɗan ƙasa na shiga filin da na kowa ne. Ba a ba ni amsar ko ɗaya ba. Yaya kuwa bai rubuta komai ba. Ya je ya sami jami'ar da ke kula da gandun, wata mata marar son dogon zance, ya roƙi ta bar shi ya riƙa shiga da ƙafa. Duk Asabar sai ya rufe gareji, ya saɓa shebur da diga. Masu gadi sun gan shi yana cike ramukan da tayoyinmu suka haƙa a cikin laka, waɗanda ruwa ya bi ya mayar da su kwazazzabai. Makiyayan da muka ƙone wa ciyawa da fari ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya gaya mini da bakinsa cewa sai da suka ga ya yi damina guda yana dasa ciyawa a gangaren da ya ƙone, sannan suka fara kawo masa ruwan sha.

Ranar da jami'ar ta kira mu ofis, na sa kayana mafi kyau, na zauna a kujerar gaba. Ta karanto sharuɗɗa: ba shiga sai da raga a salansa, ba shiga in ƙasa tana da danshi, kuma makulli a hannun mutum ɗaya wanda zai ɗauki alhakin komai. Ta ciro makullin daga aljihun tebur ta taso. Wallahi har na miƙa hannu. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta je can baya inda Yaya yake tsaye da rigar aikinsa mai baƙin mai.

"Baba makanike," ta ce, "kai na sani. In ka ce a shiga, a shiga."

Na mayar da hannuna na sosa gwiwa, kamar dama abin da na yi niyya ke nan. Har gida kunnuwana suna zafi.

Yaya, kai ne ka tsaya a bakin ƙofar nan shekara bakwai da 'yar wayarka ta ƙarfe, kana zura ta cikin salansar kowa don ka ji raga. Kai ne ka mayar da wani babban ɗan kasuwa gida da sabon babur ɗinsa, yana zaginka kana ce masa Allah ya huci zuciyarsa. Kai ne ka mayar da ni sau huɗu a gaban mutanena. Ban yafe ba tukuna, amma ko sau ɗaya hayaƙi bai sake tashi a tudun nan ba.

Yanzu ga inda ake. Da ofis ya ji Yaya zai ajiye aiki, sai aka aiko da takarda: ya rubuta sunan wanda zai karɓi makulli, shugaban ƙungiya ya sa hannu ya amince, a mayar kafin ƙarshen wata. In ba haka ba za a canza kwaɗo, allon nan ya dawo. Na karɓi takardar daga hannunsa ina ta ƙoƙarin ɓoye fara'ata, domin wa zai rubuta in ba ƙaninsa ba? Da na buɗe sai na ga sunan Tela. Tela fa, mai shagon ɗinki a layin bayan gareji, wanda ya fi kowa sanyin tuƙi a ƙungiya, wanda in muka fita sai mun sha ruwa mun huta sannan yake isowa.

Na jefa takardar a aljihun gado, ƙarƙashin safa. Kwana takwas tana nan. Matata ta gan ta tana neman wani abu, ta ce, "Shugaba, wannan takardar ƙwai ce da kake kwanci a kanta?" Ta ce in ina da magana in je in faɗa wa mai ita, in daina huce haushi a kan yara da ƙofofin gida.

Na sami Yaya a gareji yana ɗaure sarƙar wani babur. Ban ko zauna ba.

"Yaya, me Tela ya fi ni?"

"A kan babur? Ba abin da ya fi ka. Miƙo mini sha biyu."

Na miƙa masa sufanar. Ya ci gaba da ɗauri bai ɗago ba.

"Auta, a ce an yi ruwa, abokanka goma sun taru a bakin ƙofa, sun sha mai, suna kiran sunanka. Za ka iya ce musu su koma gida?"

"Zan iya mana."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Ba za ka iya ba. Kai tun kana ƙarami ba ka jure a ji haushinka. In Mama ta ɓata rai sai ka kasa cin abinci. Ba laifi ba ne, shi ya sa suke sonka, shi ya sa kake shugaba. Tela kuwa ya saba, kullum sai an tsaya a kansa an zage shi a kan ɗinki, ya ce gobe, ya ci gaba da taka kekensa. Kuma Asabar ɗin nan da nake shiga da shebur, shi kaɗai ne ya taɓa biyo ni."

Na ce masa sarƙar ta yi tsauri da yawa, ya ce ba ta yi ba, na fita. A hanya na tuna yadda aka yi na cire ragar salansata tun farko: wasu ne suka ce babur ɗina ba ya ƙara kamar na shugaba, ni kuma ban so su raina ni ba.

To Yaya, na gode. Na gode da baburan da ka tayar, da ramukan da ka cike ba wanda ya sa ka, da yadda ba ka taɓa ambaton gobarar nan a gabana ba ko da muna faɗa. Ku kuma masu hawa, namu da na wasu wurare, ku dubi mutumin nan. Filin gwamnati na kowa ne, amma ba a barin sa a buɗe sai in akwai wanda ya yarda a ji haushinsa dominsa. Ku bar raga a salansa, ku jira ƙasa ta sha iska, in kun ga rami ku tsaya ku cike.

Yau kwana na tara, gobe wa'adi zai cika. Takardar tana gabana tun da na fara rubutun nan, kuma yanzun nan na sa mata hannu. Sa hannun ya ɗan karkace, amma jami'ar za ta gane shi, ta gan shi sau goma sha ɗaya. Kishin bai tafi ba, Yaya, kada ka ɗauka ya tafi. Da safe ni zan kai takardar da kaina, kuma zan biya ta shago in goya Tela a bayana, domin in na bar shi ya tuƙo nasa, sai an tashi daga ofis bai iso ba.