Gishirin da Na Zubar a Bayan Madafa

A shekarar da fari ya cinye geron ƙauyenmu, gabas da Gezawa, gishiri ma sai da ya yi wuyar gani. Watana uku ke nan a gidan miji, 'yar birni mai ji da kanta. Kwana tara muna shan miyar kuka lami.

Ranar kasuwa maigidana ya dawo da ƙunshi a tsumma. Sharar rumfar masu gishiri ce ya roƙo, rabinta yashi, har da ɓawon gyaɗa. Inna, uwar mijina, ta tafasa ruwa, ta juye ƙunshin a ciki, ta motsa da muciya ta sauke, sannan ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Ba ta ce mini komai ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Na leƙa tukunyar. Ruwa ya yi jawur, wani abu ya kwanta a ƙasa. Ai na san wankin gero: a tsiyaye ruwa, a riƙe na ƙasa. Na tsiyaye shi tas a bayan madafa, na shanya sauran a faifai, na zauna jiran yabo.

Da Inna ta dawo ta dangwali na faifan ta kai baki, ta tofar.

"Ina ruwan?"

"Na zubar, Inna. Datti ne."

"Gishirin yana cikinsa, 'yar nan. Ruwan zafi narkar da shi yake, yashi ne ba ya narkewa. A tace, a dafa har ya ƙafe, sai ya dawo fari."

Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa na fi son ta yi. 

Bayan kwana biyu rana ta gasa wurin, ƙasar ta yi fari-fari. Awaki ne suka fara ganewa, suna ta lasa. Inna ta kore su, ta durƙusa da sakaina ta kankare ƙasar, ta miƙo mini. Na narkar, na tace da tsumma, na dafa har ruwan ya ƙafe. Abin da ya dawo bai cika cokali biyu ba.

Da maza suka ji ɗanɗano a miya, surukina ya aiko daga zaure a tambayi inda aka samu. Ina bakin murhu na ji Inna ta amsa.

"Amaryarmu ce ta haɗa mana shi."