Kawu Isiyaku da Sarakunan Rasha

Kun dai san Kawu Isiyaku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da hoto ba. Da an miƙa masa sai ya gyara tabarau ya ce, "To, me ake ɓoye mana a nan?"

A Rasha ya yi karatun injiniya, ya dawo da wani jibgegen littafi na zanen sarakunansu na da. Duk wanda ya shiga falonsa a Unguwar Rimi sai ya sha darasi. Na taɓa tarar da ya tsare mai gyaran famfo da littafin, ruwa na ta malala a tsakar gida.

"Me ka gani a nan?"

"Sarki ne mai gemu, Alhaji."

"Kai, buɗe ido! An zuba haske kan zobensa, an bar idanun cikin duhu. Mai zanen ya ga mugunta, amma yana son wuyansa!"

Sarauniyarsu ma ba ta tsira ba. "Tsohuwa da kumatu jawur kamar tumatir? Wannan fenti ne da fadanci!"

Ranar hoton fansho kuwa, sau uku ya mayar wa mai ɗaukar hoto na unguwar Doka da hoton. "Wa ya turo ka ka sa ni murmushi?"

Ni kuwa littafin nan ne ya kai ni karatun zane a Zariya, kuma ba abin da nake so a duniya kamar Kawu ya yarda da aikina. Shekara da shekaru ina roƙon ya zauna in zana shi, yana cewa, "Hajara, ku duka maƙaryata ne."

Sai da ciwo ya kama shi, hannun dama ya fara karkarwa, sannan ya amince. Da na gama ya ƙura wa zanen ido.

"Ina hannuna?"

"Yana cikin babbar riga, Kawu."

"Na kama ki! Kin ɓoye."

Wallahi sai hawaye suka zubo mini.

"Su masu zanen Rasha tsoron sarki ya sa su. Ke me ya sa ki?"

Na share hawayena. Ya sake duban zanen, sannan ya ce, "Ɗauko ƙusa. Nan, inda zan riƙa ganinsa."

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya rufa maka asiri ranar da ba a ɓoye komai.